Zauren da Ya Haɗiye Labari

An yi wani sarki a birnin Dutsen Marke wanda ya rantse ba za a taɓa mayar da manzo daga ƙofarsa ba. Ya sa aka gina zauren da ya fi kasuwa faɗi, aka cika shi da tabarmi, ana ba duk mai jira fura da tuwo. To, wa zai ƙi? Hakimai suka shiga aiko manzanni ko da akuya ce ta haifi tagwaye.

Wata shekara fara ta sauka a ƙasar hakimi Barau, manzonsa ya zauna a layi har geron ya ƙare ƙurmus. Sarki ya fusata, ya ƙudura tuɓe Barau, ya kira Waziri Zubairu ya ce, "Ban kori kowa ba, don me labari ke iso mini a ruɓe? In ba ka da jawabi, rawaninsa ya tafi."

Waziri, wanda tun kakanninsa ba a san gidansu da rawar baki gaban sarauta ba, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ka faɗaɗa zaure, amma ƙofar da ake shiga wurinka tana nan ɗaya. Barau ya aiko a kan kari, karimcinka ne ya tsare manzonsa. Hakimin da bai taɓa ganin an dawo masa da manzo ba, ina zai san fada ta cika?"

"Sai a rushe zauren ke nan?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ran da ayari ya iso a tare, ina za su tsuguna? A naɗe tabarmi, a bar gwargwadon waɗanda za ka iya ji kafin azahar. In sun kusa cika, a sallami na baya da girmamawa, ya je ya gaya wa ubangidansa ya sassauta. Mai labarin gobara ko fara kuwa, kada a nuna masa tabarma sam, a shigo da shi wurinka kai tsaye."

Maganar ta yi wa sarki zafi, amma gaskiya ce. Aka yi yadda Waziri ya ce. Masu labarin akuya suka gaji da sintiri, suka zauna gida.

Barau ya tsira da rawaninsa, aka buɗe wa mutanensa rumbun fada. Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri a bainar jama'a.

Masu hikima suka ce, adalci ba tara masu kuka a inuwa ba ne, jin su ne tun hawayen bai bushe ba.