Gaisuwar da Na'ura Ta Yi wa Sunusi

Sunusi yaro ne mai kaifin kai, amma son jiki ya yi masa katutu. Yana aiki a wani shagon intanet a unguwar Ogba ta Ikko, yana kwana shi kaɗai a wani ɗan ɗaki a Agege. Iyayensa sun rasu, kuma duk faɗin Ikko babu mai tambayarsa ko ya ci abinci. Mutum ɗaya ya rage masa, wato yayansa Abdulwahid, wanda ke aiki a Jidda.

Kowace Juma'a bayan masallaci Abdulwahid yakan hau intanet su yi hira a rubuce. Shi kuwa mutum ne mai doguwar gaisuwa: ina gajiya, yaya aiki, yaya jama'a, yaya zafi. Wannan ya ishi Sunusi.

"Kullum abu ɗaya kamar karatun aku," in ji shi.

Sai ya samo wata 'yar manhaja da masu haɗa manhaja ke kira laburare, wadda ke riƙe duk maɓallin da mutum ya danna, ta kuma iya danna su da kanta. Ya rubuta amsoshinsa sau ɗaya, ya sa na'ura ta riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan da yayan ya bayyana sai ya kunna ta, ya miƙe a benci ya yi ta sharar barci. Har yabon kansa yake yi.

Wata Juma'a ya farka ya leƙa allon. Abdulwahid bai fara da gaisuwa ba. Ga abin da ya rubuta: "Ƙanena, Allah ya yi wa 'yata Mariamu rasuwa jiya. Ba ni da wanda zan gaya wa sai kai."

A ƙasa kuwa ga amsa da sunan Sunusi: "Madalla, haka muke so."

"Sunusi, kai ne kuwa?"

"Lafiya lau wallahi. Sai wata Juma'ar."

Sunusi ya tsayar da manhajar. Nan take ya rubuta ta'aziyya, ya faɗi gaskiya, ya roƙi gafara. Sai bayan kwanaki amsa ta zo.

"Na yafe maka. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, ashe duk watannin nan da ƙarfe nake zumunci."

Abdulwahid bai ƙara hawa intanet ba. Sunusi ya goge manhajar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Duk Juma'a yakan zauna gaban allon ya rubuta da yatsunsa, "Yaya, ina gajiya?" Ya jira har la'asar, sannan ya hau motar haya ta danfo ya koma ɗakinsa.

Darasi: zumunci a ƙafa yake, ba a ba da shi aike. Na'ura tana iya danna maɓalli, amma ba ta jin kukan ɗan'uwa. Wanda ya ware lokacinsa ya gaishe ka, ka amsa masa da kanka tun yana nan.