Taurarin Kalandar Tamsin

A watan Fabrairu, lokacin cike takardun haraji, Wendell Pruitt ya je gidan yayarsa Corliss a garin Dayton na Amurka, kwalin takardu a hammata, 'yarsa Tamsin na biye da shi. Bakanike ne a garejin motocin bas, mutumin kirki da ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya ne: in ya gaji, komai sai gobe.

Shekara biyu ke nan da rabuwarsa da matarsa. Kotu ta ba shi kwana huɗu a mako da yarinyar, uwar kwana uku. Don haka ya sa rai zai cike takarda a matsayin mai riƙe da gida, wanda ake sassauta wa haraji. Rarar da za a mayar masa ma ya riga ya yi alkawarin gyara wa Tamsin haƙora da ita.

Corliss ta shekara ashirin tana cike wa 'yan unguwa takardu a teburin kicin ɗinta. Ta sa tabarau, ta tambaye shi kwana nawa yarinyar ta yi a gidansa bara. Ya ce ai yana cikin takardar kotu. Ta ce masu haraji ba ruwansu da abin da alƙali ya tsara, inda yaro ya kwana suke ƙirgawa, kuma sai ya haura rabin shekara.

"Haba Yaya, rubuta kawai. Wa zai zo ya leƙa gadonta?"

"Sarkin barci, ni ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ko ka ɗauka uwarta ba ta iya ƙirga ba?"

Tamsin, mai shekara tara, ta buɗe jakar makarantarta ta ciro wata 'yar kalanda da ta sha jiki. Duk ranar da ta kwana gidan ubanta ta zana tauraro. Corliss ta bi su da bakin fensir har sau biyu: ɗari da sittin da ɗaya. Ana bukatar ɗari da tamanin da uku.

"Cikin kwanakinka, wuraren da babu komai, ranakun da ka bugo waya ka ce ka gaji ne, Baba," in ji yarinyar. "Ba komai, na san aikinka da wuya."

Wendell ya daɗe yana kallon kalandar. Corliss ta cike masa takarda irin ta marasa aure, wadda ba ta da wannan sassauci, ta gaya masa gyaran haƙora sai baɗi. Da ta ga idanunsa sun yi ja don gajiya, ta ce ya bar mata yarinyar yau ya je ya huta. Wendell ya miƙe. Ya ɗauko rigar sanyin Tamsin ya sa mata, ya ja zif ɗin har wuya, suka kama hanyar gida tare.

Darasin a nan shi ne, kwana ɗaya da uba ya ɗage ba ƙaramin abu ba ne. Hukuma tana ƙirgawa sau ɗaya a shekara, yaro kuwa kullum.