Wata Biyun da Marijke Ta Kasa Jira

Marijke Veenstra mace ce mai kirki, amma haƙuri kam ba ta da shi ko kaɗan. Ko ruwan shayi ta ɗora, sai ta tsaya a kansa tana tsaki. 'Yar Holan ce, aure ya kai ta Bergen a ƙasar Norway. Da auren ya mutu, ita da tsohon mijinta Sindre suka raba renon 'yarsu Tuva, mako a nan, mako a can.

Ta nemi kotun Bergen ta ba ta izinin komawa garinsu da yarinyar. Lauyarta ta ce, "Wata biyu kacal kotu za ta yanke hukunci, Marijke. Don Allah ki zauna wuri ɗaya."

Ina! Hutun bikin Ista na zuwa ta kwashi Tuva sai garinsu Groningen da sunan ziyara, ta ƙi dawowa.

Mahaifiyarta ta ce, "Ke 'yar nan, ubanta ya sani kuwa?"

"Haba Mama! Fasfon Holan gare ta. Wane alƙalin ƙasarmu zai ƙwace 'ya daga uwarta ya miƙa wa baƙo?"

A baki kawai ta faɗa. Ta kasa zaune ta kasa tsaye, kowace mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa taga.

Sindre ya kai ƙara, aka kira Marijke kotu a birnin Hague na Holan. Ta fara zayyana laifuffukansa, alƙali ya ɗaga hannu.

"Ba gwanin reno muka zauna zaɓa ba. Kafin a ɗauko yarinyar, ina gidanta, ina makarantarta?"

"Bergen."

"To can za ta koma, kotun can ta yi hukunci."

A Bergen lauyarta ta turo mata takarda a fusace. "Karanta! Jami'ar da ta binciki lamarin Tuva bayanki ta goya. Da kin jira, da yanzu kuna Groningen da izinin kotu."

Wannan karon kotu ta ce ba za ta amince da wadda ta taɓa gudu da yarinya ba. Aka ba Sindre riƙo. Marijke kuwa aka ba ta awa biyu ran Asabar ta ga 'yarta, wata jami'a na zaune a gefe tana rubutu.

Asabar ta farko Tuva ta riƙe rigarta. "Mama, yau gidanki zan kwana ko?"

Marijke ta buɗe baki, kuka ya ƙwace mata. Jami'ar ta dubi agogo.

Mai karatu, komai zafin son da kake wa ɗanka, kada ka riga shari'a yanke hukunci. Wanda ya ɗauki haƙƙinsa da hannunsa kafin lokaci yakan rasa har abin da ake shirin ba shi, kuma yaron da ya ce yana yi dominsa shi ne zai fi kowa shan wahala.