Kurege da Ƙofar da Ta San Nauyin Mutum Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

A wani daji da ke bakin rafi, namun daji suna da injin niƙa guda ɗaya, na kowa da kowa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, duwatsu ne biyu manya, ruwan rafi yana juya su. Baba Kunkuru ne ya haɗa shi tun yana da sauran ƙarfi, ya kuma zana yadda aka yi shi a jikin wani falalen dutse, dalla-dalla. In igiya ta tsinke, Biri ya duba zanen ya ɗaura wata. In dutse ya goce, Giwa ta duba ta gyara masa zama. Wanda ya gano wata dabara da ta fi, sai ya ƙara a zanen. Injin ba shi da ƙofa, balle mai gadi.

Kowa yana jin daɗin haka, ban da Kurege. Shi bai yi noma ba, ya ce fartanya tana sa masa ciwon baya. Yunwa ta ci shi har daga tsallaken rafi ana hango haƙarƙarinsa. Wata rana yana zaune a gindin kuka yana kallon masu niƙa, ya shafa cikinsa ya ce, "Kurege na Kurege, wayon mutum goma, cikin rabin ɓera. Injin nan ba abin da ya rasa sai ƙofa, ƙofar kuma ba abin da za ta rasa sai ni."

Da rana ta take, kowa ya shiga inuwa, sai ya lallaɓa ya zuba yashi tafi biyu a cikin garin gidan Zaki.

Da gari ya waye, Zaki ya kai lomar ɗumame baki, ya tauna, sai ƙaras, haƙori ya ɓantare. Ya yi ruri har tsuntsaye suka watse. Ana cikin jaje sai ga wani baƙo ya yi sallama, sanye da babbar riga ta tsohon buhu, ya kifa ƙoƙo a ka, ya maƙala tabarau na gindin kwalba, ga takalman katako, ga jaka cike da ƙarafa tana ƙara. Kurege ne, amma ko uwar da ta haife shi sai ta tambaya.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin manyan dawa. Sunana Injiniya Maiƙoƙo, daga ƙetaren kogi. Na ji abin da ya faru. Injin nan na wane ne?"

Zaki ya ce, hannu a kumatu, "Na kowa ne."

"Wa ke buɗe cikinsa?"

"Kowa."

Kurege ya girgiza kai har ƙoƙon ya kusa faɗuwa. "Ranka ya daɗe, yau yashi ne, gobe guba. Mu a ƙasarmu an daɗe da barin irin wannan. Amintaccen inji muke da shi, a rufe ruf, ba mai leƙa cikinsa."

Baba Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Malam Injiniya, ban gane ba. Mu ne za mu amince da injin, ko shi ne zai riƙa duba ko ya amince da mu?"

"Baba, tambayarka ta tsufa kamar ka. Ranka ya daɗe, haƙora nawa suka rage maka?"

Zaki ya taɓa bakinsa ya ce, "A yi."

Da gari ya waye aka kama aiki. Giwa ta kewaye injin da manyan duwatsu har sama, ta yi masa rufi, ba taga, ba kafa. Bushiya maƙeriya ta ƙera ƙarafa ɗaya-ɗaya, ba tare da an faɗa mata wanne zai shiga ina ba. Kurege da kansa ya harhaɗa su ya zama ƙofa, ya liƙe da dalma. A bakin ƙofar ya sa allunan katako biyu na awo, ɗaya a waje ɗaya a ciki. Ya hau su da rigarsa da jakarsa, ya daidaita su da nauyinsa, sannan ya juyo ga jama'a.

"Wannan ƙofa ba ta san sarki ba, ba ta san talaka ba. Nauyin mutum ɗaya ta sani, nawa. In ya ƙaru da ƙwayar gero ko ya ragu, ba za ta buɗe ba. Ba ta karɓar roƙo, ba ta ƙarya."

Giwa ta hau, shiru. Zaki ya hau, shiru. Kurege ya hau, ƙofa ta wage. Jama'a suka yi ta tafi.

Sai dokoki suka biyo baya. A kankare zanen da ke jikin dutse, don kada ɓarayi su karanta. Wanda ya taɓa ƙofar da nufin gyara, a yanke masa jela. Gari ba ya fita sai a ƙwarya mai hatimin Injiniya. Wanda ke da ɗan dutsen niƙa a gida ya miƙa shi ga Kura, wadda aka naɗa mai gadi. Kuma ba a aika wa maƙwabci tuwo, domin, in ji Injiniya, "Garin da aka niƙa maka naka ne ka ci, amma ba naka ba ne ka bayar."

Duk suka yarda. Kada ku yi musu dariya da yawa, mu ma in aka raɗa wa abu suna mai daɗi, layi muke bi. Baba Kunkuru kaɗai bai tafa ba. Ranar da za a kankare zanen, an gan shi kwance a gaban dutsen, Biri yana ta sosa masa baya da ƙusa. Aka ce tsufa ne ya kawo ƙaiƙayi.

To, Kurege ya samu duniya. Kullum da safe ya hau allo, ƙofa ta buɗe, Kura ta tura buhuna ciki, ƙofa ta rufe. Abin da yake yi a ciki ba mai gani. Buhu ya shiga cike, ƙwarya ta fito rabi. In aka yi magana ya ce, "Sauran datti ne, inji ya tace." Shi kuwa a ciki yana kwance kan gari yana waƙa: "Ni ne mabuɗi, ni ne ƙofa, ni ne yashin, ni ne maganin yashin."

Bayan mako guda, ya hau allo wata safiya, ƙofa ta yi gum. Ya duba cikinsa, ya ga haƙarƙari sun ɓace. A ɓoye ya zare ƙarfe ɗaya daga jaka ya yar a ciyawa, ƙofa ta buɗe. Ya ce a ransa, "Kai, Kurege, har ƙofar da ka ƙera ka yi wa wayo." Bayan kwana biyu ya yar da wani. Haka dai, tumbi yana gaba, jaka tana baya, har ta zama fanko.

Ana nan sai matar Zaki ta haihu. Ana jibi suna aka kawo gero da dawa da gyaɗa da riɗi, aka tura ciki. Kurege ya ga gyaɗa, hankalinsa ya bar jikinsa. Ya ci, ya huta, ya ci. Da la'asar ya mirgino ya hau allon ciki. Shiru. Ya yar da jakar. Shiru. Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Shiru.

Daga waje Kura ta buga ƙofa. "Injiniya, manya suna jira."

"Gwaji ake yi, Kure. A dawo da safe."

Ya zauna ya yi wa kansa faɗa. "Daga yanzu ba ci, ba sha, har sai na rame. Kurege in ya yi magana ya gama."

Da gari ya waye, ya tarar ya cinye rabin buhun riɗi saboda baƙin ciki.

Zaki ya iso da kansa, jama'a a bayansa, ga mata sun ɗora tukwane ba garin tuƙi. Ya ce, "Bushiya, buɗe."

"Ranka ya daɗe, ni gunduwa-gunduwa na ƙera. Yadda suka haɗu, yana can cikin ƙoƙon Injiniya."

"Baba Kunkuru, kai fa?"

"Ai an ce wanda ya taɓa ƙofar a yanke masa jela. Tawa 'yar ƙarama ce, amma na saba da ita."

Zaki ya ce, "Giwa, ture ginin."

Giwa ta jingina goshi da bango. Duwatsu suka fara kuka, ƙasa ta fara zubowa a kan Kurege. Ya daka tsalle ya hau allo. Ya cire takalman katako. Shiru. Ya cire ƙoƙo. Shiru. Wani dutse ya faɗo kusa da ƙafarsa. Ya fizge tabarau, ƙofa ta ɗan yi ƙara ta tsaya. Ya dubi rigar buhu, ya dubi rufin da ke tsagewa, ya ce, "To, Injiniya, ka ci zamaninka." Ya tuɓe.

Ƙofa ta wage.

Ga Kurege tsaye, tumbi kamar tulu, jela a miƙe, baki duk riɗi. Jama'a suka zuba masa ido.

Kura ta ce, "Ina Injiniya?"

Kurege ya matso hawaye. "Allah ya jiƙan bawan Allah. Inji ya niƙe shi, ga kayansa nan. Ni wucewa nake na ji ihu, na shiga ceto."

Baba Kunkuru ya ce, "Ta ina ka shiga, ɗana? An faɗa mana ƙofar nan nauyin mutum ɗaya ta sani, kuma ba ta ƙarya."

Zaki ya kai harshe gurbin haƙorinsa, ya dubi Kurege a hankali. "Yashin nan fa?"

"Ranka ya daɗe, tafi biyu ne kawai."

Kurege ya zura da gudu, Kura ta kai cafka ta samu bakin jela. Bushiya ta dunƙule a gabansa, ya taka. Giwa ta naɗe shi da hanci ta wulwula ta saki, ya tashi sama ya faɗa cikin sarƙaƙiya a tsallaken rafi.

Aka rushe bango, aka tarar duwatsun niƙa sun goce, igiya ta tsinke. Zaki ya dubi falalen dutse a kankare, ya ce, "Gobe suna, ga shi mun goge zanen da hannunmu."

Baba Kunkuru ya juyo musu da bayansa. Ga zanen nan tsaf, layi-layi, inda Biri ya yi ta susa. Ya ce, "Kowa ya kwafa. Wanda ya kwafa ya ba maƙwabcinsa." Kafin azahar inji ya tashi, ranar suna kuma kwanukan tuwo suka yi ta shiga gida-gida. Shi ya sa har yau in kun duba bayan kunkuru za ku ga zane.

Kurege kuwa ya fito daga ƙaya yana ɗingishi, ido ɗaya a kumbure, jela a tsige. Ya hau suri ya ɗaga murya don su ji. "Ku riƙe injinku. Ni ne na ci garin sarki wata guda yana yi mini godiya. Kuskurena ɗaya ne, na auna kaina ina jin yunwa. A daji na gaba sai na ƙoshi tukuna."

Kura ta taka ruwa za ta haye. Bai tsaya ƙarasa kirarin ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In da ƙarya a ciki tasa ce, ni tafi biyu kawai na ƙara.