Akuyar da Ta Cinye Gwajin Gawo

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba ni zan yanke ta ba.

A sakandaren 'yan mata ta Kwanar Maje akwai malamin kimiyya, Malam Isiyaku, mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ko ana lafiya, balle ga takarda ta zo cewa saura wata biyu gasar binciken tsirrai ta ɗalibai a birni. Wadda ta ci za ta samu gurbin karatu kyauta a kwalejin aikin gona. Makarantar kuwa ba ɗakin gwaji, ba kwalba, sai rula guda mai karyayyen baki. Malam ya yi ta kai-kawo a baranda, ya cire hula ya mayar, har ƙawaye uku suka ce za su gwada.

Barira ce ta kawo tunanin. Ta ce kakanta ya sha shuka irin gawo ya ƙi fitowa, amma a bakin turken awaki, inda ba wanda ya shuka, sai ka gan shi ya tsiro. "Malam, ko cikin akuya ne ke tausasa ɓawon?" Malam ya tsaya cak. Shekara goma sha ɗaya yana wuce turakun nan, bai taɓa tambayar kansa ba.

Hansatu ce ta ɗauki wahalar. Ta ɗaure akuyar innarta tana ba ta 'ya'yan gawo, kullum da safe ta tsuguna tana murje kashin da yatsu tana tsinto iri. 'Yan aji suka sa mata Sarauniyar Turke, suna toshe hanci in ta wuce. Ta sha kuka, amma ba ta fasa ba. Ta tara gwangwanayen madara ta shuka sahu uku: na akuya, na jiƙon ruwan zafi, da wanda ba a taɓa ba. Na akuya ya riga sauran fitowa, kore shar.

Saura kwana biyu tafiya, akuyar nan da ta riga ta san daɗin gawo ta tsinke igiya, ta bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Malam ya tarar da 'yan guntaye kamar tsinken sakace. Ya dafe kai, ya zauna, ya miƙe, ya sake zama.

Sai Tasalla, wadda ba a cika jin muryarta ba, ta buɗe jaka. Ashe tun ranar shuka, ba wanda ya sa ta, kullum sai ta auna kowane tsiro da zare, ta zana shi ganye-ganye, ta sa kwanan wata. A gaban alƙalan gasa ta jera gwangwanayen yadda suke, ta ce, "Ranku ya daɗe, akuyar da ta fara mana aikin ita ta ƙarasa shi. Amma ga abin da ya faru kafin ta iso." Alƙalai suka kwashe da dariya, suka bi littafin shafi-shafi, dariya ta koma tambayoyi. Makarantu masu injuna suna kallo Kwanar Maje ta zo ta ɗaya.

Murnar ba ta kai gida ba. Takardar gurbin da aka miƙa wa Malam layin suna ɗaya gare ta, kuma ranar Alhamis ake son ta koma. Ya roƙa a ƙara biyu, aka ce doka ce. Ya san gidajen nan uku sarai: duk wadda bai rubuta ba, karatunta a wannan ajin zai tsaya. Ya tara su ko za su yi gardama ya samu abin kamawa. Suka sunkuyar da kai, Barira ta ce, "Malam, duk wadda ka rubuta mun yarda." Wallahi da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi.

Ga shi Laraba ta yi, biro na hannunsa, bai rubuta sunan kowa ba.

To jama'a, na miƙo muku biron. Mai tunanin, mai wahalar, ko wadda ta tsare shaidar: sunan wa za ku rubuta, kuma da wane ido za ku dubi sauran biyun?