Kwanon Madu a Tabarmar Ciyayya

Akwai wani mutum a unguwar Gamboru cikin Maiduguri, sunansa Saleh. Shi da maƙwabcinsa Madu tare suke fita Kasuwar Kwastam, tare suke dawowa. Saleh a gidan gado yake zaune. Madu kuwa haya yake yi, shi da matarsa Yakaka da yaransu.

Al'adar layinsu ce, bayan Magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a haɗu a tabarma ɗaya a yi ciyayya. Da rayuwa ta yi tsada, kwanuka suka fara ramewa. Wannan ya kawo tuwo da miya tsululu, wancan ya kawo shinkafa ko mai babu. Amma kwanon Madu bai taɓa canzawa ba: burabusko, miya mai kauri, har da kifi ko 'yar tsoka.

Saleh yana ci yana santi, amma abin na cin ransa. Kun dai san ɗan Adam, hannunsa na cikin kwanonka, idonsa na kan arzikinka.

Ana nan sai mai gidan da Madu ke haya, Alhaji Ajimi, ya ninka kuɗin haya. Ya ce an ƙara masa haraji, ga kuma masu neman ɗaki sun yi yawa tun bayan ambaliya. Madu ya roƙi a ɗaga masa ƙafa zuwa bayan Sallah.

Alhaji ya kira Saleh gidansa a GRA, domin shi aminin mahaifin Saleh ne.

"Saleh, kai ne kusa da Madu. Da gaske babu ce, ko raina ni ya yi? In babu ce, zan yi haƙuri."

Saleh ya yi 'yar dariya. "Baba, mutumin da kullum kwanonsa da nama? Mu da ba ma biyan haya ma ba ma cin abin da yake ci."

Magana zarar bunu ce. A makon nan aka ba Madu wa'adin tashi.

Ranar tashi Saleh ya shiga taya su kwashe kaya, har ya naɗe hannun riga. Sai ya tarar ba abin ɗauka. Ba gado, ba katifa, ba jeren kwanukan auren Yakaka. Tabarma ce, da buhun tufafi, da tukunya, da kwanon nan da ya sani.

"Yakaka, ina kayan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya Saleh, kaya sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Harajin rumfa, kuɗin makaranta, cefane. Na ce masa ya daina fita da kwanon nan, ya ce gara ya kwana da yunwa da a ga gurbinsa a tabarma. Abin da kuka rage, shi yara ke ci."

Saleh ya tuna shi ne kullum mai suɗe kwanon.

Madu ya shigo, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Ɗan'uwa, na ji Baba Alhaji ya kira ka. Na san ka sa baki, Allah ne bai nufa ba. Na gode."

Saleh ya tari Keke Napep ya koma GRA a gigice, amma Alhaji ya riga ya ba wani ɗakin. Kafin ya dawo, Madu ya kwashi iyalinsa sun tafi ƙauye wajen dangin matarsa.

Har yau ana shimfiɗa tabarmar nan. Saleh yana fitowa da kwanonsa, ya ajiye, ya tura wa jama'a. Shi dai ba ya sa hannu. Godiyar da Madu ya yi masa ta fi zagi ciwo.

Darasi: Kada ka auna halin ɗan'uwanka da abin da ya fito da shi waje. A tsadar nan, mutane da yawa da rufin asiri kawai suke tsaye. In an tambaye ka game da wani, ka faɗi alheri ko ka yi shiru. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya kame bakinsa kafin ya raba maƙwabcinsa da matsuguni.