Lita Huɗu Zuwa Wudil

Motar hayar Sallau ta kama shan mai tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya mayar da ita kamfanin da ya sayar masa, ya ce matatar hayaƙin salansa ta toshe, a sauya masa tunda garanti bai ƙare ba.

Manaja Mamuda ya ce, "Lafiyarta ƙalau, lita huɗu za ta kai ka Wudil. Man da ka ce ta shanye, kawo shi in gani."

"Yana hanyar Wudil, ranka ya daɗe. Zo in nuna maka."

Aka tsiyaye tanki, aka zuba lita huɗu cif. Suna rabin hanya, rana tsaka, mota ta mutu a inda ko inuwa babu.

Mamuda ya share gumi. "To, sauka ka tura."

"Haba yallaɓai, mota mai lafiya ake turawa? Mu jira ta, hutawa take."

Suka yi awa guda suna gasuwa.

"Sallau, ba ka da mai a but ɗin motar?"

"Akwai galan ɗaya, amma na marar lafiya ne."

Mamuda ya zaro takardar garanti. "Ara min biro."